TARBIYYAR MATASANMU A WAJEN AJI
Jawabi ga shugabannin matasa na Sabo, Ibadan

 

An ce in yi magana a kan abin da za ku koya wa yaranmu wanda ba a koyar da shi a aji. To, ni ɗan kasuwa ne, da harshen kasuwa zan yi.

Tun 1916 aka kafa Sabo. Iyayenmu da suka riƙe cinikin shanu da goro a ƙasar nan, amana ce jarinsu. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka wurin maigida, dillali ya sayar wa mahauci Bayarabe bashi, maigida ya tsaya lamuni, kuma kuɗi su fito. Yaron gida yana gefe yana kallo. A nan yake koyon cika alkawari, da iya magana, da haɗiye fushi.

Yanzu fa? Yaro ya sauka daga mota yau, gobe yana tura baro, ba maigida, ba mai ce masa kul. Kun dai san abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021. Daga cacar baki aka fara, ƙarshenta aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje. Baki shi ke yanka wuya.

Kada ku ce sai an ba ku kuɗi. Kayan aikin suna hannunku.

Na farko, dattawa. Duk baƙon yaro a haɗa shi da wani babba a sana'arsa, wanda zai san inda yake kwana.

Na biyu, Yarbanci. Mu da muka daɗe mun iya. A zauna bayan lisha a koya musu gaisuwa da ban haƙuri. Wallahi "e ma binu", wato yi haƙuri, ta kashe wutar da ɗan sanda ba zai iya kashewa ba.

Na uku, adashi. Ku ba matashi littafin ya riƙe, ya karanta lissafi gaban jama'a duk wata. Wanda bai taɓa riƙon kuɗin mutane ba, ina zai koyi amana?

Na huɗu, majalisarku. Kowane mako a ba wani daban ya shugabanci zama. A kawo rigimar da ta auku a kasuwa, mutum biyu su kwaikwaye ta, sauran su faɗi inda ya kamata a tsaya. Wanda ya saba jiran a gama magana a majalisa, zai jira a kasuwa.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Laifin yaro ɗaya, rumfunanmu duka ke biya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.