Ƙurajen Zazzaɓi A Leɓe: Yadda Za Ki Gane Su, Da Abin Da Gwajin Jini Ba Zai Faɗa Miki Ba

Shugabar mata ta ce in rubuto bayanin da na yi a zamanmu da ya wuce, saboda waɗanda hidima ta hana su zuwa. Don Allah a karanta a nutse, a kuma tura wa 'yar uwa.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan, wata baiwar Allah ce ta same ni a wurin aiki kwanaki, idonta jawur, riƙe da takardar gwaji. Ta yi zazzaɓi, ƙuraje suka feso mata a leɓe, ta je wani ɗakin gwaji aka ɗebi jininta, takarda ta fito an rubuta tana da HSV-1. Maigidan ya duba a waya ya ga ana haɗa sunan da cututtukan saduwa. Kwana uku ya daina cin abincinta. Auren shekara 11 fa, da 'ya'ya huɗu. Wallahi ranar na ji ciwo, don takardar ba ta faɗi abin da ya ɗauka ta faɗa ba.

To bari mu fara daga tushe. Ƙurajen nan da muke cewa zazzaɓi ne ya fito a baki, wasu ma su ɗora wa tsaka laifi, ƙwayar bairos ce ke kawo su, sunanta hapis. Iri biyu ce. Ta ɗaya, HSV-1, ita ce ta baki, kuma yawancinmu tun muna yara muka ɗauka, daga sumbar uwa ko goggo, ko cokali da kofin da aka sha tare. Ta biyu, HSV-2, ita aka fi samu a al'aura ta hanyar saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya suna ɗauke da ta ɗayan. Ki ƙirga matan da ke zaune a tabarmarki ranar biki, kin ga ke nan. Da yawa ma ba su taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba.

Idan ta shiga jiki ba ta fita. Kwanciya take a cikin jijiyar fuska ta yi shiru, sai jiki ya yi rauni ta taso. Shi ya sa take biyo bayan maleriya da mura, ko lokacin al'ada, ko gajiya da rashin barci, ko an wuni a rana. Mu da muke shan ranar taro daga safe har la'asar, kada wata ta yi mamaki in ta tashi da su bayan kwana biyu.

Yanzu yaya za ki gane su? Ki lura da yadda suke farawa. Kafin ki ga komai a madubi, za ki ji wuri ɗaya a bakin leɓe yana tsikari ko ƙaiƙayi ko ɗan raɗaɗi, na wasu awoyi zuwa kwana ɗaya ko biyu. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a cure wuri guda, galibi daidai inda jan leɓe ya haɗu da fatar fuska, wani lokaci ƙarƙashin hanci. Su fashe, su yi ɓawo, su warke cikin kwana 7 zuwa 10, in sun daɗe mako biyu. Kuma sukan dawo wurin da suka saba fitowa. Tsikari tun farko, ƙuraje masu ruwa a cure, da komawa wuri ɗaya: in kin haɗa ukun nan, da wuya ba su ba ne.

Tsagewar hunturu daban take. Leɓen ne gaba ɗaya yake bushewa, ya yi saɓa, ya tsage har da jini, amma babu ƙurji mai ruwa. Lasa ƙara shi take. Man kaɗanya ko basilin da shan ruwa sun wadatar. Haka idan kin canza jan baki ko man goge haƙori leɓen ya kumbura yana ƙaiƙayi ko'ina, ko yaro ya sha mangwaro da ɓawonsa kewayen bakinsa ya yi ja, wannan jiki ne bai karɓi abin ba. A daina, zai lafa.

Akwai kuma tsagewar kusurwar baki, dama da hagu, wurin ya jiƙe ya yi ja ko fari-fari, in kin buɗe baki ya yi zafi. Wannan ina so masu ciki da masu shayarwa su kula da shi, don sau da yawa yana tafiya da ƙarancin jini ko ƙarancin bitamin B. Ana ganinsa ga masu ciwon suga, da tsofaffinmu da haƙora suka zube yawu yana taruwa a wurin. In yana yawan dawowa, jini da suga ya kamata a auna, ba hapis ba. Shi kuwa ɗan gyambon cikin baki, zagayayye, tsakiyarsa fari gefensa ja, a cikin kumatu ko ƙarƙashin harshe, wanda yaji ke sa ki hawaye, ba ya yaɗuwa. Ba sai an ware miki kofi ba.

Yara kuma, in ƙurajen sun yi ɓawo ruwan zuma suna bazuwa zuwa hanci da haɓa, yawanci bakteriya ce, maganinta daban, a kai asibiti. Sannan karon farko da hapis ke kama yaro ƙarami yakan zo da ƙarfi: zazzaɓi, dasashi ya kumbura, baki duk gyambo, yawu na dalala, ya ƙi nono ya ƙi abinci. Mu kuma sai mu ce haƙori ne. Haƙori ba ya cika baki da gyambo, Hajiya. Abin tsoro a nan ruwan jikinsa ya ƙare.

Gyambon da ya fi damuna shi ne wanda ba ya damun mai shi. Guda ɗaya, mai tauri, babu zafi, yana iya zama tunjere. Duk gyambon leɓe da ya wuce mako uku bai warke ba, likita ne zai gani, ba mai kemis ba.

To mu dawo kan gwaji, wurin da aka cuci baiwar Allahn nan. Yawanci likita da ido yake gane ƙurajen zazzaɓi, ba ya buƙatar gwaji. In akwai shakka, gwajin da ke ba da amsa shi ne a dangwali ruwan ƙurjin da ɗan tsinke mai auduga a kai ɗakin gwaji, a duba da PCR, irin hanyar da aka bi wajen gwajin korona. Shi zai ce ƙwayar tana cikin wannan ƙurjin ko babu, kuma ta ɗaya ce ko ta biyu. Amma sai an je da wuri, cikin kwana biyun farko, tun da ruwa. In ya bushe ya yi ɓawo, ana iya dubawa a rasa ta alhali tana nan.

Gwajin jini kuwa ba ƙwayar yake nema ba. Sawunta yake nema, wato garkuwar da jiki ya haɗa bayan sun taɓa gamuwa. In ya nuna HSV-1, abin da ya ce kawai shi ne kin taɓa haɗuwa da ita. Bai ce yaushe ba, ko kina shekara 3 ko bara. Bai ce daga wa ba. Bai ce a baki take ko a wani wuri ba. Bai ma ce abin da ke leɓenki yau ita ce ba. Kuma in sabon kamu ne, sai a yi makonni, har wata uku, jini bai nuna ba. Akwai wani nau'insa da ake rubuta IgM, wanda wasu ke cewa yana nuna sabon kamu. Likitoci ba sa dogara da shi, yana yawan ruɗarwa. Ni dai ra'ayina, mace lafiyarta ƙalau ta kwashi kuɗin cefane ta kai gwajin jinin hapis don ƙurjin leɓe, asara ce, wani lokacin har da fitina. Da muka zaunar da maigidan, tambaya ɗaya na yi masa: Alhaji, kai ba ka taɓa yin ƙurajen zazzaɓi ba? Sai ya yi shiru, ya shafa leɓensa.

Magani akwai, ana rubuta sunansa aciclovir, na shafawa da na sha. Yana rage kwanaki in an fara tun lokacin tsikarin, amma ba ya kashe ƙwayar, don haka duk mai ce miki zai wanke miki ita daga jini, kuɗinki yake so. A daina fasa kafso ana barbaɗawa, ba ya aiki a kan bairos. A daina shafa man goge haƙori. Mayukan nan masu haɗi da ake shafa wa kowane ƙurji, musamman masu sa fata haske, suna iya ƙara rura shi.

Sai magana mafi nauyi, jarirai. Abin da yake ɗan ƙurji a wurinki, ga jaririn da bai kai wata biyu ba yana iya shiga jini da ƙwaƙwalwa, ya yi kisa ko ya bar nakasa. Mu kuma mun san yadda ɗakin mai jego yake ranar barka da ranar suna, jariri daga wannan hannu sai wancan, kowa sai ta sumbata. Mai ƙurji a leɓe ta yi barka daga nesa. Ba raini ba ne ki ce, Yaya, bari bakin ya warke tukuna. Wanda zai tauna dabino a sa wa jariri, in yana da su, a ba wani. In mai jegon ce da kanta, ta ci gaba da shayarwa, ta riƙa wanke hannu, ta rufe baki da takunkumi, ban da sumba. Sai dai in ƙurjin a kan nono yake, nan ta ga likita kafin ta ba da wannan nonon. Jariri ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci, ko kin ga ƙurji mai ruwa ko a ina a jikinsa, asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Mu manya kuma, har ya warke, kowa da kofinta da tawul ɗinta, ban da aron jan baki. Kada ki taɓa ƙurjin ki sosa ido ko ki zizara kwalli. In ido ya yi ja yana zafi a lokacin, a gaggauta zuwa asibitin ido. Tunda mu ya mu ne, in faɗa: ta baki tana iya sauka ƙasa in baki ya kai wurin, don haka ma'aurata a yi haƙuri da sumba da wannan har ɓawon ya faɗi. Wadda kuma nata ke fitowa a kai a kai, manya, suna daɗewa, ta je a duba ƙarfin garkuwar jikinta, har da gwajin HIV.

Mai tambaya ta biyo ta hannun shugabar mata ta mazaɓarta, zan amsa in sha Allah. Don Allah kada a turo hoton baki ko takardar gwaji cikin zauren nan.