Mutanen da Daji Ya Ke Ciyarwa

Jama'ar Guri, zancenmu na yau a kan mutanen da ba su noma, ba su kiwo, amma suna ci.

Can ƙasar Tanzaniya, kusa da tabkin Eyasi, akwai wata kabila, sunanta Hadza. Yawansu mutum 1,000 ne da 'yan kai. Har yanzu waɗansunsu daji ne gonarsu. Da safe mata su kan fita haƙar saiwoyi da tsintar 'ya'yan kuka. Maza su ɗauki kwari da baka, su tafi farauta da ɗibar zuma.

Zangonsu bai cika wuce mutum 30 ba. Ba su da sarki, ba su da dagaci. In magana ta taso, maza da mata su zauna su yi shawara. In biyu sun yi faɗa, ɗaya ya koma wani zango. Rumbu kuwa babu. Wanda ya kashe nama, sai a raba wa kowa, don gobe shi ma zai ci na wani.

Kada ku ce labarin nesa ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe, ya tarar da kwalekwale a binne. Masana suka auna, suka ce ya kai shekara 8,000. A lokacin ba a fara noman gero a ƙasar nan ba. Kogi da daji su ke ciyar da mutane.

Mu ma ba mu rabu da wannan ba. Muna su, muna ɗibar bado, muna cin goriba, muna yankan kaba. Ku tambayi tsofaffi abin da ya agaji gidaje a farin 1973 da na 1984, sa'ad da rumbu ya ƙare.

Amma fadama ta ragu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ba ta zuwa kamar dā. Kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Saboda haka, kada mu sare goriba. Kada mu sa raga mai ƙananan idanu, ta kwashe 'ya'yan kifi. Mu bi ranar da sarkin ruwa ya sa. Wanda ya samu, ya tuna da maƙwabci.

To, kowa ya ɗauki allonsa, ya rubuta abinci biyar da ya ke samu ba tare da ya shuka ba.