Amanar Yara a Hannun Malaman Addini: Darasi Daga Ostireliya

  

Maudu'inmu na yau yana da nauyin faɗa, amma yin shiru a kansa ya fi nauyi a ranar hisabi. Shi ne batun yaran da malaman addini suka yi lalata da su, da haƙƙin da suke da shi a kan al'umma da doka. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Ostireliya, domin can aka bi diddigin al'amarin sosai.

A shekarar 2013 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar bincike a kan lalata da yara a coci-coci da makarantu da gidajen marayu. Hukumar ta saurari mutane kimanin 8,000 a asirce, ta miƙa rahotonta a watan Disamba 2017. Bayanan cocin Katolika kaɗai sun nuna cewa mutum 4,444 ne suka kai kuka tsakanin 1980 da 2015. Sau da yawa idan ƙorafi ya zo, sai a sauya wa limamin wurin aiki don kare sunan coci, ya je ya tarar da wasu yaran.

Ga abin da nake so ku riƙe. Hukumar ta gano cewa, a matsakaicin lissafi, wanda aka zalunta yakan yi kusan shekara 24 kafin ya iya buɗe baki. Me ya sa? Domin azzalumin shi ne mutumin da iyaye suke girmamawa, wanda maganarsa ta fi ta yaro ƙarfi. Alhali kuwa dokokin da suka gabata sun ƙayyade ɗan gajeren wa'adi na neman haƙƙi a kotu. Kafin yaro ya girma ya sami ƙarfin zuciya, ƙofa ta rufe. Ashe dokar tana tsaron azzalumi ne, tana hukunta mai rauni saboda jinkirinsa!

To, sai aka gyara. Jihar Biktoriya ta soke wannan wa'adi a 2015, sauran jihohi suka biyo baya. A watan Yuli 2018 aka fara shirin biyan diyya na ƙasa, a watan Oktoba kuma firayim minista ya nemi gafarar waɗanda aka zalunta a gaban majalisa. Wasu jihohi sun wajabta wa limamin coci ya sanar da hukuma, ko da a ɗakin furta zunubi ya ji labarin.

Ya 'yan'uwa, kada wani ya ce wannan cutar wasu ce. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da ake kira makarantar gyaran tarbiyya. Wasu an same su da mari a ƙafa, wasu suka ce an yi lalata da su. Duk inda aka ɗaukaka malami har ya fi ƙarfin tambaya, shaiɗan ya sami ƙofa. Suturta aibin Musulmi bai haɗa da ɓoye mai cutar da yara ba.

Saboda haka wajibi ne mu saurari yaro idan ya yi magana, mu kai shi asibiti, mu sanar da hukuma, mu kare shi daga gori. Kada mu yarda a kashe maganar a zaure da sunan sulhu. Mu kuma nemi 'yan majalisunmu su wajabta wa shugabannin makarantu da masallatai kai rahoto, tare da hukunta mai rufa-rufa.

Allah Ya kare mana zuriyarmu, Ya saka wa waɗanda aka zalunta.