Amanar Jini: Gurbin Zakka da Waƙafi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na masu ba da gudunmawa da kwamitocin masallatai na ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari

 

Jawabina ya shafi wata cuta da likitoci ke kira hemofiliya, wato rashin daskarewar jini. Ta wajen uwa ake gadonta, amma galibi 'ya'ya maza take kamawa. Jinin mai ita yana da ƙarancin sinadarin da ke tsayar da zubar jini, na takwas ko na tara a lissafin likitoci. Kimanin shekara dubu da suka wuce, likitan Andalus Abul Ƙasim Az-Zahrawi ya yi bayanin wasu mutane da mazajensu ke rasuwa saboda zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. A garuruwanmu, sau da yawa ranar kaciya ko cire beli take bayyana: jini ya ƙi tsayawa, a garzaya asibiti, likita ya ce sai an yi ƙarin jini. Yaron da aka ceto a wannan rana zai ci gaba da bukatar jinin wasu ko sinadarin daskarewa iya rayuwarsa, kuma kowace leda tana iya zuwa da waraka ko da wata cutar.

Abin da ya faru a Birtaniya ya isa wa'azi. Daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, mutane fiye da 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C ta hanyar gurɓataccen jini da magungunan da aka haɗa da shi, kuma kimanin 3,000 sun rasu. Masu cutar zubar jini kimanin 1,250 ne suka kamu da ƙanjamau, 380 daga cikinsu yara. An riƙa shigo da sinadarin daga Amurka, inda ake sayen ruwan jini hatta daga fursunoni da masu allurar ƙwaya, a haɗa na dubban mutane wuri ɗaya, jinin mutum guda ya gurɓata duka. Ranar 20 ga Mayu, 2024, kwamitin binciken Sir Brian Langstaff ya bayyana cewa da an so, da an kauce wa mafi yawan wannan bala'i. A ranar ce Firaminista Rishi Sunak ya nemi gafara a majalisa. Idan ƙasa mai tarin asibitoci ta faɗa wannan rami, to gemun ɗan'uwanmu ya kama da wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

Sinadarin da ake haɗawa a yau ana tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta, sai dai yana da tsada, kuma mafi yawan wanda ke isowa Najeriya kyauta ce daga ƙungiyoyin agaji na duniya. Idan babu shi, sai a koma ga ledar jini. A nan namu haɗarin yake. Uban da ya kwaso ɗansa daga Sifawa ko Danchadi cikin dare, aka ce ya nemo jini, idan dangi ba su samu bayarwa ba, zai iya faɗawa hannun masu sayarwa, su kuwa ba za su faɗi gaskiyar lafiyarsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ƙara wa kowa jini sai an gwada shi don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. A 2021 Najeriya ta yi dokar kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, amma gwaji yana bukatar kayan aiki, ajiya kuma tana bukatar firji da wutar da ba ta ɗaukewa. Masu amosanin jini da mata masu zubar jini wajen haihuwa, duk a ma'ajiya ɗaya suke ɗiba.

Don haka ina gabatar da roƙo uku.

Na farko, zakka. Malamanmu sun karantar da mu cewa zakka mallaka wa mabuƙaci ake yi. To, a ware kaso ga matalautan iyalai masu wannan cuta, su samu kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da kuɗin gwaji da magani.

Na biyu, waƙafi. Abin da zakka ba ta gina shi, waƙafi yana ginawa. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da dukiyar waƙafi ya riƙa jinyar mutane kyauta. Mai shago, mai gona ko mai garka zai iya tsayar da amfaninta don sayen firji mai aiki da hasken rana da kayan gwajin jini ga asibitocin Bodinga da Shagari. Sadaka ce mai gudana matuƙar ana ceton rai da ita.

Na uku, kwamitocin masallatai. Kowane masallacin Juma'a ya buɗe rajistar matasa masu lafiya da za su ba da jini don Allah. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Limamai su sanar da jama'a cewa gidan da aka taɓa rasa yaro saboda zubar jini, ko da ta wajen kawunnai ne, kada a yi kaciya sai an ga likita. A ja hankalin wanzamai kan sabuwar reza ga kowane yaro, a kuma kai jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ake yi kyauta.

Allah ya karɓi zakkarku da waƙafinku, ya sanya albarka a dukiyarku, ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.