Gawo da Sassabin Zamani a Allakaye

 A Allakaye, manomin ƙwarai ba ya sa wa gawo gatari. Itace ne mai saɓa wa sauran: da damina yake kaɗe ganye, ya bar wa hatsi rana da taki, da rani ya yi kore, bisashe su samu inuwa da abinci.

Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, aikin gyaran ƙasa na Keita ya biyo a 1984. Amma sassabin zamani, wato renon tsiron da ke fitowa daga kututture, ya fi dashe araha. Ku bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kututture, ku datse sauran da adda mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama, kada ɓawo ya yage. Ku koya wa yara tun suna ƙanana.