TUTA BIYU A ƘOFAR OFIS ƊAYA: Jawabi a kan Albaniyawan Masedoniya

Jama'a, tuta ƙyalle ce, amma a garin Gostivar na ƙasar Masedoniya an rasa rayuka a kanta. Ran 9 ga watan Yuli na 1997, tun kafin gari ya waye, 'yan sanda suka sauke tutar Albaniyawa da ta Turkawa daga ofishin ƙaramar hukumar garin. Jama'a suka fito, aka yi arangama, mutum 3 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Magajin garin, Rufi Osmani, aka yanke masa ɗaurin shekara 13 da wata 8, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara 7.

Mene ne ya kai ga haka? Albaniyawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. A ƙidayar 2002 sun kai kashi 25 cikin ɗari na mutanenta, kuma a garuruwan yamma, irin su Tetovo da Gostivar, su ne masu rinjaye. Tutarsu ja ce, da baƙar gaggafa mai kai biyu a tsakiya, suna kuwa danganta ta da jaruminsu Skanderbeg, wanda ya yi zamani a ƙarni na 15. Watau tutar ta girmi ƙasar Albaniya kanta, wadda sai a 1912 ta sami mulkin kai. To, a nan gizo yake saƙa. Abin da Ba'albaniye yake gani gadon kakanni, Bamasedoniye yana ganinsa tutar ƙasar maƙwabta a kafe bisa ginin gwamnatinsa, kamar ana shelar ɓallewa.

Tsoron nasu ma ba na banza ba ne. A 1991 ne ƙasar ta rabu da Yugoslabiya, kuma ita kanta sai da Girka ta rufe mata hanyar kasuwanci har ta canza tata tutar a 1995. Wanda aka tilasta wa sauke tasa, ba ya sakin fuska in ya ga ta wani tana kaɗawa a gidansa. Amma duk da haka, hukuma ta yi kuskure da ta ɗauki maganar a matsayin aikin 'yan sanda. An sauke ƙyalle, ba a sauke ƙorafin da ke ƙarƙashinsa ba, watau batun harshe, da ilmi mai zurfi, da rabon ayyukan gwamnati. An yi wa Osmani afuwa a 1999, amma a farkon 2001 sai ga 'yan tawayen Albaniyawa sun ɗauki makamai a duwatsun da ke kewaye da Tetovo.

Yarjejeniyar Ohrid ta 13 ga watan Agusta na 2001 ita ta kashe wutar. Ta ba harshen duk al'ummar da ta kai kashi 20 cikin ɗari matsayin harshen hukuma a yankinta, sa'an nan ta yarda ƙananan hukumomi su sa alamar al'ummar da ta fi yawa a gaban gine-ginensu. A 2005 Majalisar Dokoki ta fitar da dokar tutoci a kan wannan. Ba ta zauna lafiya ba, don a 2007 Kotun Tsarin Mulki ta soke wasu sassanta. Sai a 2011 aka yi gyaran da ya daidaita tsakani: al'ummar da ta wuce rabin mutanen ƙaramar hukuma tana iya kafa tutarta, amma sai tare da ta ƙasa, kuma ta ƙasa ta fi ta girma da kashi ɗaya cikin uku. Wani zai yi dariya, ya ce ashe rigimar ta ƙare a kan awon tela. Awon nan kuwa shi ya ba kowane ɓangare abin da zai nuna wa mutanensa: ɗaya ya ce an san da zamansa, ɗaya ya ce ƙasa tana bisa kowa.

Shi kuwa Rufi Osmani, mutanen Gostivar sun sake zaɓensa magajin gari a 2009. Ƙasar ma ta canza suna a 2019, ta koma Masedoniya ta Arewa.