Makonnin Ƙarshe A Ƙasar Mutane: Jarrabawa, Yawon Buɗe Ido Da Tsaraba

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wata wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Zariya. 'Yarta tana karatun zango ɗaya a Turai, saura mata kamar mako shida ta dawo, sai ga yarinya ta bugo waya tana neman izini, wai za ta bi ƙawayenta su leƙa wata ƙasa maƙwabciya kafin ta taho. Uwar ta ce hankalinta bai kwanta ba. Karatu aka tura ta ko yawo? Ga kuma 'yan'uwa kowa ya ba da sautu, to ina za ta samu kuɗin yawo ta samu na tsaraba?

Hajiya, sau biyu na karanta takardarki, don ni ma na taɓa zama a irin kujerar da 'yarki take zaune a kai yanzu. Bari in ba ki labarina tukuna.

Na yi zango ɗaya a birnin Kolon na ƙasar Jamus, daga Oktoba 2016 zuwa farkon Maris 2017. Su a can zangon hunturu yana farawa ne a Oktoba, a gama shiga aji wajen tsakiyar Fabrairu, sai jarrabawa da rubutun takardun bincike su biyo baya. Watanni ukun farko ban san komai ba sai sanyi da duhu. A Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma an yi magariba, in kika shiga aji bayan azahar, kina fitowa la'asar ta wuce. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai shagunan Turkawa inda muke sayen naman halal. Kullum ina ce wa kaina, bari sanyi ya lafa, bari a gama jarrabawa, akwai lokaci. Na ma rubuta a bangon littafina: Paris, mako na biyu na Maris.

Ashe lokacin ba nawa ba ne. Ana cikin Janairu sai labari ya tabbata cewa za a rufe filin jirgin saman Abuja daga ranar 8 ga Maris na tsawon mako shida don gyaran titin saukar jirage, a karkata zirga-zirga zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin jiragen ƙasashen waje suka ce su ba za su sauka Kaduna ba. Ni kuwa tikitina na ranar 20 ga Maris ne, kuma takardar izinin zamana a ƙarshen watan take ƙarewa, babu halin in jira a buɗe. Dole na dawo da tafiyar baya zuwa 5 ga wata, na biya kuɗin canji. A rana ɗaya na yi asarar mako biyu da wani kaso na ɗan abin da na tara. Gida kuwa ba wurin kai kuka ba ne a lokacin, waɗanda suka tuna sun san a Fabrairun 2017 dala ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage.

To a nan ne nake so iyayenmu su fahimci abin da ke kan yarinya a makonnin ƙarshe. Mu a gida muna ganin ai ta gama, sai haɗa kaya. Wallahi ba haka ba ne. Jarrabawa tana gabanta. Ɗakin da aka ba ta sai ta wanke shi tas, mai kula da gidan ya zo ya duba bango da murhu da katifa, in ya ga ɓarna a cire daga kuɗin ajiyar da ta bayar tun ranar shiga, kuma ragowar ba a ranar ake ba ta ba, sai bayan makonni. Sai ta je ofishin rajistar mazauna gari ta sanar cewa za ta bar ƙasar, abin da suke kira Abmeldung, don da wannan 'yar takardar ce za ta soke inshorar lafiya da sauran yarjejeniyoyin da ta sa wa hannu. Har da kuɗin rediyo da talabijin da ake karɓa a kowane gida, wanda a lokacinmu Yuro 17.50 ne a wata, aka mai da shi 18.36 a 2021. Ni da nake aikin rediyo ban taɓa jin zafin rediyo ba sai a can. In yarinya ta tsallake waɗannan ta hau jirgi, takardun bashi za su ci gaba da taruwa da sunanta, wata rana ta so komawa ƙaro karatu ta tarar da su suna jiran ta.

Ana cikin wannan sai wayata ta fara cika da saƙonni ta WhatsApp. Goggo tana son jaka, irin wadda ta gani a hannun wata a wajen biki. Yayata tana son takalman yara, ta turo da awon ƙafa a kan takarda. Wani ɗan'uwa da ko sallama bai yi mini ba ranar tafiyata ya turo hoton waya. Na zauna na yi lissafi, na ga in na sayi rabin abin da aka lissafa, ko kuɗin motar zuwa filin jirgi ba zai rage ba. Akwati biyu aka ba ni, kowanne kilo 23, littattafaina kaɗai sun kusa cinye ɗaya.

Daren nan na kira mahaifiyata ina kuka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke, sayayya na aike ki? Jakar da Goggonki take so akwai ta a Kantin Kwari. Abin da babu a Kantin Kwari shi za ki zo mana da shi." Na ce, "Umma, mene ne shi?" Ta ce, "Takardarki, da abin da idonki ya gani."

Paris dai ban je ba, har yau. Amma ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan jarrabawata ta ƙarshe, mu huɗu, ni da wata 'yar Indunusiya da 'yan Maroko biyu, muka hau jirgin ƙasa zuwa Aachen, tafiyar kamar awa ɗaya daga Kolon. Ko sisi ba mu biya ba, domin katin ɗalibai da muka biya tun farkon zango yana ba mu damar hawa ƙananan jiragen ƙasa da motocin safa a duk faɗin jihar. Wata biyar katin nan yana jakata, ban taɓa wuce unguwa uku da shi ba. Wannan kam har gobe ina jin haushin kaina.

A Aachen muka ga tsohuwar majami'ar da Sarki Shalaman ya gina sama da shekara 1,200 da suka wuce. A nan na fara jin labarin da ban taɓa ji a makaranta ba, cewa Halifa Haruna Rashid ya aiko wa wannan sarki kyautar giwa tun daga Bagadaza, sunanta Abul Abbas, ta iso garin a shekara ta 802. Ku duba fa, giwa, a ƙasar da ruwa ke daskarewa. Muka yi azahar a Masallacin Bilal, wanda aka aza harsashinsa a 1964, yana cikin tsofaffin masallatan Jamus. Daga nan muka hau mota zuwa bakin iyaka, muka taka da ƙafa zuwa wani tudu kusa da garin Vaals inda Jamus da Beljiyam da Holan suka haɗu a wuri guda. Ɗan dutse ne kawai da tutoci uku. Na zagaya shi sau ɗaya, na ce wa ƙawayena yau na je ƙasa uku kafin la'asar. Na tsaya ina tunanin Jibiya da Maraɗi, inda uwa ɗaya uba ɗaya suke zaune ɓangare biyu, amma sai an yi ta tsayuwa a shinge.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, 23 ga Fabrairu, aka fara bikin Karnival na Kolon, kuma ranar farkon ta mata ce. Al'adarsu a wannan rana mace takan ɗauki almakashi ta datse laƙatayen namiji, ko da shugabanta ne a wurin aiki, ba shi da ta cewa. Na kalla ta taga na yi dariya, amma ban fita ba, domin shaye-shaye ya yi yawa a titi. Ba duk abin da ake kira buɗe ido ne ya dace da 'yar mutunci ba, kuma yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba sai an tsaya a kanta za ta gane ba.

Yanzu Hajiya ga amsarki. Ni dai a ganina ki bar ta ta je, amma ki yi mata tambayoyi irin na uwa. Ta gama jarrabawa ta miƙa duk rubutun da ake bin ta? Su wa za ta bi, mata ne da kika san sunansu, a ina za su kwana, yaushe za su dawo? Sannan ta buɗe fasfonta ta karanto miki ranar da bizarta za ta ƙare, ranar da ke rubuce, ba wadda take tsammani ba. In tana ɗaya daga ƙasashen yarjejeniyar Shengen, takardar zamanta ta ɗalibi tana ba ta damar ziyartar sauran na ɗan lokaci, amma Ingila ba ta ciki, bizarta daban. Kuma kada ta ce ai babu shinge ta bar fasfo a ɗaki. Mu a lokacinmu babu wanda ya tambaye mu, amma a Satumba 2024 Jamus ta dawo da binciken takardu a duk iyakokinta na ƙasa, kuma mu da muka san kalar fatarmu da mayafinmu mun san wa ake fara tambaya.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kai, shi ne karɓar saƙo. Da an ji ɗaliba za ta gida, sai 'yan ƙasa su fara fitowa, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba, kowa da ɗan ƙunshinsa, don Allah ƙanwata ki miƙa wa wane a Kano. Ni ma an kawo mini guda uku. Biyu na buɗe a gaban masu su na ga magani da kayan jarirai, na karɓa. Na ukun an naɗe shi da salatif, mai shi ya ce kada a buɗe, na ce to Yaya ka yi haƙuri. Ya yi fushi, har yau ba ma gaisawa. Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya a Disamba 2018 ba, ta je Umara da danginta, aka maƙala sunanta a wata jaka mai ƙwayoyi ba da saninta ba, sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta. Ita ko karɓa ba ta yi ba ta sha wannan wahala, ina ga wadda ta sa hannu ta ɗauka?

Batun sautu kuwa, Hajiya, wannan aikinki ne ba nata ba. Yarinya ba za ta iya ce wa goggonta a'a ba, amma ke za ki iya. Ki tare mata, ki ce kuɗin karatu aka ba ta ba jari ba.

Ni abin da na zo da shi, ƙananan kwalaben turaren nan na Kolon, wanda ake yi a garin tun 1709, guda goma sha biyu, da cakulan na yara. Goggo ta karɓi nata ta juya shi ta ce, "Duk Turan a nan ta tsaya?" Ta yi wata guda tana yi mini ciki-ciki, sannan ta aiko a tambaye ni ko akwai saura.

Lokaci ya yi mana halinsa. Hajiya, in 'yar tamu ta sauka lafiya, ki turo mana ita nan ɗakin watsa shirye-shirye ta ba mu nata labarin da bakinta. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.